Free Fire na cije mini kullum bayan isha'i, ina matsalar take?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar rezo, don abin nan ya kai ni maƙura.

Mu huɗu ne muke buga wasan waya na Free Fire tare a fadarmu, inda muke zaman shayi, a unguwar Birni nan Damagaram, ba nisa da gidan Sarki. Wata uku da suka wuce muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin akwatin wifi na aljihu, irin mai ɗaukar sim, kowane wata kowa ya kawo jika biyu a sa mishi forfe. Da safe ko da azahar idan na shiga ni kaɗai, ping ɗina, wato lambar da ke nuna jinkirin rezo, yana yawo tsakanin 120 da 150, kuma da haka ina buga wasana lafiya. Amma da an sallame isha'i, an ɗora shayi, fada ta cika, sai abin ya lalace. Lambar ta haura 300, ta haura 600, wani lokaci ta tsaya a 999+ ta ƙi motsi. Ina gudu in ga an dawo da ni baya inda na baro. Ina harbin mutum harsashi ba ya kama shi, kafin in farga ni ne a ƙasa.

Akwai kuma wani abu na daban. Ko lambar ping tana kore, idan na yi kamar rabin awa ina wasa sai hoton ya riƙa tsinkewa, kamar ana buɗe shafin littafi ɗaya bayan ɗaya. Wayar tana yin zafi har bayanta ba ya taɓuwa. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita, giga 4 ne, shekararta biyu a hannuna.

Na ukun ya faru daren Juma'a. Akwatin ya ƙi, sai na koma kan datar sim ɗina. Muna cikin gasa da yaran Garin Malam, saura mu biyu su biyu, mahaifiyata ta kira ni. Ban ma ɗauka ba, amma wasan ya fitar da ni gaba ɗaya, kafin in dawo an gama da abokina. Mun yi sati biyu muna shirin wannan gasar, kuma ta kaina aka rasa ta. Abin ya tsaya mini a rai.

Na goge wasan na sake saukewa, na share hotuna, na sa wata manhaja da aka ce tana ƙara gudun wasa, duk a banza. Wani ya ce in sayar da wayar in sayi babba. Kafin in taɓa ɗan kuɗin da nake tarawa, ina son in san inda ciwon yake.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Dolle, ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar da wayar tukuna. Ciwo uku ka lissafa, kuma kowane da maganinsa.

Bari in fara da zafin, tunda shi ne aikina kullum. Tsinkewar hoto alhali ping na kore ba ruwanta da rezo. Injin da ke cikin waya idan ya yi zafi da yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Hoton da yake zana maka sau 60 a daƙiƙa sai ya koma sau 20 ko ƙasa da haka, ido kuwa nan take yake ganin bambancin. Ka duba garin da muke: a Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40 a inuwa, ganuwa da ƙasa suna riƙe shi har tsakar dare. Wayar da aka fara wasa da ita tana da ɗumi, ba ta da wurin da za ta sauke nata zafin.

Zan iya rantsewa kana wasa tana jone da caji, kuma tana cikin robar nan mai kauri. Cire robar idan za ka yi wasa. Ka cika batir kafin magariba, ka cire waya daga caji, don caji da wasa a lokaci ɗaya zafi biyu ne a kan batir guda. Ka shiga saitin wasan ka mayar da hoto kan Smooth, ka rage hasken fuska. Ciyawa da inuwa ba za su yi kyau kamar da ba, amma hannunka da idonka za su daidaita. Idan akwai ƴar fanka a fadar, zauna kusa da ita.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ɗora ta a kan ƙanƙara, kada ka sa ta a firiji. Yara da yawa sun kawo mini waya da tsatsa a cikin allonta saboda haka. Sanyin yana tara raɓa a ciki, ruwan kuma ba ya fita. Kuma ka duba bayan wayar da kyau, in ka ga murfin ya fara ɗagowa, batir ya kumbura, ka daina amfani da ita har a canza shi.

Manhajar ƙara gudu da ka sa, goge ta. Yawancinsu talla suke saukewa a ɓoye, suna cin RAM ɗin da suka ce za su tanadar maka.

Zaki Sabon Gari ya amsa:

Aboki sa VPN kawai, ka canza DNS zuwa 1.1.1.1. Ni haka na yi. Kuma rezon dare kowa ya san ba shi da kyau, sai ƙarfe ɗaya ya wuce.

Injiniya Care Zamna ta amsa:

Zaki, ka yi haƙuri, a rabin farko ban yarda da kai ba. DNS aikinsa nemo adireshin uwar garke ne, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, lokacin da za ka shiga. Da an haɗu, ba ta kansa saƙon wasa yake bi ba, don haka ba zai rage ping a tsakiyar faɗa ba. VPN kuma zango ne kake ƙara wa tafiya. Akan yi dace ya bi hanyar da ta fi sauƙi, amma na kyauta da dubban mutane ke cunkushe a kai, galibi ƙara nauyi yake. Maganar dare kam gaskiyarka ce, tsakanin ƙarfe 8 da 11 kowa na kan turken rezo guda, ana raba abin da ke akwai.

Ɗan Birni, ƙanena, ka fara da sanin abin da ba za ka iya canzawa ba. Ping lokacin da saƙo ke ɗauka ne ya je uwar garken wasan ya dawo, ana auna shi da milisakan. Haske a cikin wayar fiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Daga nan zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne. Nijar ba ta da teku, dole saƙonka ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya kai wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, sannan ya miƙa inda uwar garken take, ga na'urorin da zai tsaya a kansu a hanya. Saboda haka 120 zuwa 150 da kake gani da safe lamba ce mai kyau a wurinmu. Kada ka sa rai da 20 da kake gani a bidiyon ƴan Turai, su a bakin ƙofar uwar garken suke zaune. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a wajen gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga wahalar intanet. Irin wannan ranar ba saitin da zai cece ka.

Amma tsalle daga 150 zuwa 999+ daidai lokacin da fada ta cika, wannan ina zargin akwatinku ne, kuma ga dalilina. Wasan kansa ba ya cin data da yawa, ƙananan saƙonni yake aikawa, sai dai yana son su tafi nan take. Akwatin kuma layi yake jera wa duk abin da aka ba shi. Idan mutum ɗaya yana tura bidiyo a WhatsApp, wani yana kallon TikTok, harbinka yana tsaye a bayansu yana jiran a zo kansa, kamar mai galan ɗaya a bayan masu kura a bakin famfo. Tura abu ya fi sauke shi illa, don hanyar fita a 4G ta fi ƙunci.

Ga abin da mutane ba sa lura da shi: waya idan ta ga akwatin nan, ɗauka take wifi ne na gida marar iyaka. Duk abin da aka saita mata “sai a kan wifi” sai ta fara shi a ɓoye: Play Store ya kama sabunta manhajoji, Google Photos ya kama kwashe hotunan yini yana turawa. Mai wayar ma bai sani ba, tana aljihunsa yana shan shayi. Mutum nawa ne suka san kalmar sirrin akwatin? Juya shi, a jikinsa ko a ƙarƙashin batir akwai adireshin shiga saitinsa, sau da yawa 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. Shiga ka ƙirga wayoyin da ke kai.

Ka gwada da kanka kafin ka yarda da ni. Buɗe fast.com, ka danna wurin ƙarin bayani, zai nuna maka jinkiri iri biyu: na lokacin da layin yake sake, da na lokacin da aka ɗora mishi kaya. Yi shi da safe, ka sake yi bayan isha'i. Sannan wani dare ka roƙi kowa ya kashe wifi na minti goma ban da ku huɗu. In lambar ta sauko, ka kama ɓarawon. In ba ta sauko ba, cunkoson turke ne, sai ku gwada sim na wani kamfani a cikin akwatin, don kowace unguwa da wanda ya fi ƙarfi a cikinta.

Ka kuma duba inda kuke ajiye shi. Katangun ƙasa na Birni masu kauri ne, ga rufin kwano. Akwatin da ke kan tabarma a gindin bango ba zai ji rezo kamar wanda aka rataye sama a fili ba.

Kiran da ya fitar da kai kuwa, ba laifin Hajiya ba ne, ba kuma naka ba. Ɗaukar kira a kan 4G shi ake ce wa VoLTE, idan layinka ba ya da shi, da kira ya shigo wayar sauka take zuwa 3G ko 2G don ta karɓe shi, ko ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba. A wannan saukar data ke yankewa. A waya mai sim biyu ma, kiran da ya shigo ta ɗayan sim ɗin yana iya tsayar da datar ɗayan. In kana kan wifi, hakan ba ya taɓa ka. Wasu suna kulle waya a kan 4G zalla, amma ka sani in ba VoLTE, kira ba zai same ka ba sam, kuma ban so a neme ka daga gida a rasa.

Zaki Sabon Gari ya amsa:

To Anti, na karɓa. Na cire VPN ɗin na gwada yanzu, kusan ɗaya ne da shi da babu. Amma ni a unguwarmu in aka ɗauke wuta rezo ma raguwa yake.

Injiniya Care Zamna ta amsa:

Hakan na faruwa. Turken yana komawa kan batir ko gurup, in wanda ke kusa da ku ya mutu sai wayoyin unguwa duka su koma kan na nesa, su taru a kansa.

Ɗan Birni ya dawo:

Allah ya saka da alheri, Yaya mai gyara da Anti Injiniya. Na yi kwana uku ina gwadawa kafin in dawo.

Da na shiga saitin akwatin, waya goma sha ɗaya na tarar a kai. Mu huɗu muke biya. Sauran abokanmu ne na fada da ƙannenmu, har da wata waya da ba wanda ya san mai ita. A fast.com da safe jinkirin bai kai 100 ba, da dare in an ɗora kaya ya wuce 700. Mun zauna mun yi magana, ba a yi rigima ba, don su ma ba su san wayoyinsu na aiki a ɓoye ba. Mun canza kalmar sirri. Mun amince daga ƙarfe 9 zuwa 11 akwatin na masu wasa ne, kafin nan da bayan nan kowa ya hau. Mu huɗun kuma kowa ya shiga saitin wifi ya nuna wa wayarsa cewa layin nan mai awo ne, muka kashe sabuntawar Play Store. Akwatin yanzu yana rataye a reshen dogon yaro da ke ƙofar fada, cikin ƴar jaka.

Jiya ping bai wuce 180 ba har muka tashi, sau biyu kawai ya yi tsalle wajen ƙarfe 10 ya dawo. Na cire roba, na bar wasa a kan caji, na koma Smooth, na yi awa ɗaya da rabi hoton bai tsinke ba. Yaya, bayan wasan da na duba wayar ba roba, na ga murfin baya ya ɗan ɗago ta gefen hagu, ban taɓa lura ba. Na kashe ta na ajiye, da wayar ƙanena nake rubuta wannan. Gobe bayan azahar zan kawo maka ita Dolle ka duba batirin. Yaran Garin Malam sun yarda a sake gasar ranar Juma'a mai zuwa, na kuma faɗa wa Hajiya in tana nemana tsakanin 9 da 11 ta kira ni kai tsaye, tunda a kan wifi zan kasance.