Saura wata biyu bikina fuskata ta rikice, don Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Gusau ce, shekarata 23, bikina saura wata biyu da 'yan kwanaki. Asali ƙuraje ne 'yan kaɗan a goshi da haɓa, irin masu fitowa in al'ada ta kusa, sai ƙawata ta haɗa ni da wata mai kayan gyaran jiki ta ba ni sabulu da wani mai cikin roba marar suna, ta ce in sayi wani ɗan tub a kemis in matse a ciki in gauraya. Wallahi sati biyun farko har mamana sai da ta ce ke mi kike shafawa haka, fuska ta yi sumul. To yanzu wata huɗu kenan, kumatuna sun yi ja, in na shiga rana kamar an watsa min barkono, ƙananan ƙuraje sun feso ko'ina, gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi ƙirin. Na daina na kwana 5 abin ya ƙara lalacewa sai na koma. Ina wanke fuska da sabulun salo kamar sau biyar a rana ina dirzawa da soso, da dare kuma lemun tsami da sukari. Yaya zan yi?

Maman 'yan biyu:
Innalillahi, sau biyar da sabulun salo? Ƙanwata ai ko tukunya ce ta gaji. Ki fara ajiye soson nan da lemun tsamin tun yau.

'Yar Argungu:
Ki kwaɓa kurkur da zuma da madara ki riƙa shafawa, ni shi ya yi min.

Anti nas:
Ƙanwata ɗauko tub ɗin nan ki karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, in kin ga clobetasol ko betamethasone to shi ne tushen matsalar. Sitiroyid ne, maganin kumburi da ƙaiƙayi ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, ba man shafawa ba ne. Yana kwantar da ja da ƙuraje da farko shi ya sa kika ga kyau, amma in aka daɗe ana shafa shi a fuska sai fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su dawo da ƙarfinsu, kuma da an tsaya sai fuskar ta yi bore, abin da ya same ki a kwana biyar ɗin nan kenan. Ba wai man ne ke miki magani ba, fatar ce ta saba da shi. Na robar kuma Allah kaɗai ya san abin da ke ciki, galibi sinadarin bilicin da ake kira hydroquinone suke zubawa, wasu har da mercury wanda hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sa shi a kayan shafa saboda yana taɓa ƙoda. Baƙin gaɓoɓin nan alamar bilicin ce. Tunda kin yi wata huɗu kina shafawa kar ki yi ta gwaji a ɗaki, ki je asibitin gwamnatin tarayya nan Gusau ki ce fata kike son a duba miki, ki tafi da tub ɗin da robar a jaka su gani da idonsu, su za su tsara miki yadda za ki rabu da shi. Kafin nan sabulu sau biyu kawai, safe da dare, marar ƙamshi mai laushi, da tafin hannu. Alwala ruwa ne zalla ba ta da matsala. In kin wanke ki shafa mai marar turare tun fuskar da ɗan danshi. Kurkur ɗin ma a bari tukuna, fatar da ke raɗaɗi ba a ƙara mata komai.

Mai tambaya:
Anti na duba, clobetasol ne a jiki wallahi. Jikina ya yi sanyi. To zan warke kafin bikin?

Anti nas:
Ba zan miki alƙawari ba. Makonnin farko za ta iya ƙara muni, ki shirya ma wannan, kar ki ruga ki koma ma tub ɗin. Ja da raɗaɗin suna iya lafawa kafin lokacin, tabo da baƙin yatsu kan ɗauki watanni. Ko maganin ƙuraje na gaskiya sai ya yi sati 6 zuwa 8 kafin a ga aikinsa.

Hajiya Babba:
Ɗiyata ki yi haƙuri ki ji maganar nas. Mu da munka yi aure ba mu san wanga haɗe-haɗe ba, man kaɗe da ruwa munka sani. Shi yaron da kalarki ya gan ki ya ce yana so, ko ko?

Mai kayan gyara:
Sis ki min magana ta inbox ina da haɗin amare, kwana 7 kin koma kamar balarabiya.

Maman 'yan biyu:
Haba baiwar Allah, ki ji tsoron Allah mana, irin haɗin nan ne fa ya kai ta inda take.

Malamar makaranta:
Abin da ba a faɗa ba shi ne rana. Ranar garin nan in bazara ta shigo kun san ta, kuma fatar da aka yi wa bilicin kariyarta ta ragu, duk tabon da rana ta daka ƙara baƙi yake. Ki nemi man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama (lambar ƙarfin kariya ce da ake rubutawa a jikin robar) ki shafa kowace safiya, mu baƙaƙe ma muna buƙatarsa, ni da na ɗauka na turawa ne sai da tabona ya ƙi tafiya shekara guda. Sannan ki daina matsa ƙurji da farce, ki riƙa canza rigar filo da hijabin da ke taɓa kumatu duk bayan kwana biyu uku, zufa da hoda duk a nan suke taruwa. Man kaɗen Hajiya yana da kyau a jiki da kaushin ƙafa lokacin hunturu, amma a fuska mai ƙuraje ki gwada a gefen muƙamuƙi tukuna, wasu yana toshe musu.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka da alheri, Litinin zan je asibitin insha Allah. Saura dilka, gwaggona ta riga ta biya mai yi kuɗin sati biyu, ban san ta inda zan fara mata bayani ba.

Hajiya Babba:
A yi miki a jiki in fatar ta lafa, a bar fuskar. Gwaggon taki ki turo mamanki ta yi mata magana, ba ke ba.