Abin da na tsinta a hirarmu kan kimiyya

A hirarmu da wasu malaman kimiyya, shawarar da ta fi zauna mini ita ce: duk ƙa'idar da aka karantar da kai, tambayi hujjarta, da abin da zai iya rushe ta. Aka kawo misalin gyambon ciki. Shekara da shekaru likitoci na ɗora laifin kan damuwa da yawan asid, marasa lafiya na ta wahala, har likita Barry Marshall na Ostireliya, don ya nuna cewa wasu ƙwayoyin cuta ne sanadin gyambon, ya kwankwaɗi ƙwayoyin cutar da kansa a 1984, ya yi ta amai. Shi da abokin bincikensa Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005 saboda wannan bincike.

Wani dattijo kuma ya ja kunnenmu kada shakka ta sa mai olsa ya ajiye maganin asibiti, domin Marshall ma sai da wasu suka tabbatar da bincikensa aka yarda.