Atuni a jikin yaro: bagaruwa ko likita?

Maman Sani, Birni: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 4 yana fama da atuni tun jiya, akwai jini da majina a bayan gidansa, jikinsa kuma da zafi. Surukata ta jiƙa masa bagaruwa da sabara, ta ce ba sai an je likita ba. In ci gaba da ba shi ne, ko in kai shi?

Alhajin Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Ni ganyen gwaba nake dafawa in sha, bai taɓa ba ni kunya ba.

Ɗalibi, Jami'ar André Salifou ta Damagaram: Gaskiya ne an gwada ruwan bagaruwa da na sabara a ɗakin bincike, an ga suna hana ƙwayar Shigella mai haddasa atuni yaɗuwa, amma gwajin ɗakin bincike bai nuna adadin da ya dace da cikin yaro ba. Akwai kuma atunin da wata ƙwaya mai suna amiba ke haddasawa, wanda maganinsa metronidazole ne, na Shigella kuwa ciprofloxacin. Yaya, ki kai shi yau, ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari.

Hajiya ta Mirya: Ɗiyata, haka muka yi da jikata. Muka yi ta ɗura mata jiƙo, zawon ya ɗan tsaya, muka ɗauka sauƙi ne, alhali idanunta sun faɗa, ta daina fitsari. Da muka isa likita an rasa jijiyar da za a sa mata ƙarin ruwa. Ba ta kwana ba.

Maman Sani: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Nawa zan tanada?

Alhajin Kasuwar Dole: Jaka biyar na kashe wa ɗan ƙanena.

Ɗalibi: Ai a nan Nijar tun 2006 magani kyauta ne ga yara ƙasa da shekara 5.

Hajiya ta Mirya: Kyauta a takarda. Mu dai farmasi aka tura mu, jaka biyu da rabi.

Majemi, Zango: Ku dai rage shan bagaruwa, kada mu rasa abin jima!

Alhajin Kasuwar Dole: Yaro, kakanninmu da sabara suka rayu kafin a gina jami'arku.

Malama, Sabon Gari: Ku bar gardamar, ruwa ne tushen ciwon. Famfonmu ya daɗe bai kawo ba, ƴan garuwa sun ninka kuɗi, kuma ba wanda ya san inda suke ɗebowa. Ana cewa a wanke hannu da sabulu, to da wane ruwa?