Gadon lilo a gonar rani: bargo uku a kaina, bayana kuma kamar ƙanƙara

Ɗan Kadawa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin duk wanda ya taɓa kwana a gadon lilo cikin hunturu.

Muna da tumatir da 'yar albasa a gefen Kadawa, ƙaramar hukumar Garun Malam. Gonar tamu tana kan ɗan tudu, ruwan kanal da ke zuwa daga Tiga ba ya hawa da kansa sai mun sa inji. Bara, saura kwana kaɗan mu fara kai tumatir Kwanar Gafan, aka zo cikin dare aka kwance injin, har mesar ba a bar mana ba. Bana Baba ya ce dole wani ya riƙa kwana a gonar. Yayana yana da iyali, ƙanena yana makaranta, kun dai san kan wa abin ya faɗo.

Makon farko a ƙasa na kwana, tabarma da buhu biyu. Laima ta hana ni sakat, sannan ran Talata kunama ta harbe ni a yatsan ƙafa ina laluben takalmi. Shi ne yayana ya samo mini gadon lilo wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, irin mai yadin nan na leda mai santsi, wanda in ka naɗe shi bai fi curin fura uku ba. Na ɗaure shi tsakanin darbejiya biyu a bakin gona, daidai inda zan riƙa hango injin.

Daga isha'i zuwa sha biyu lafiya lau. Amma da zarar ƙarfe biyu ta gota, sai in ji kamar an shimfiɗa ni a kan siminti an watsa ruwa: kafaɗu, gadon baya, ɗuwawu. Na karɓo babban bargon Inna, na haɗa da gwado, na ƙara da nawa. Ƙirjina har gumi yake yi, bayana kuma yana kaɗawa. Na gwada shimfiɗa bargo ɗaya a ƙarƙashina, kafin in juya sau biyu ya tattare ya koma ƙugu. Shekaranjiya da asuba wayata ta nuna digiri 13.

Mai gwanjon ya ce yana da jakar barci iri biyu, ɗaya cike da gashin tsuntsu, ɗaya da audugar roba. Ta gashin ta fi tsada nesa. In saya, ko in nemi bargo mai kauri? Kuɗin hannuna kaɗan ne sai tumatir ya nuna.

Tsohon Soja

Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Ko bargo goma ka jibga a kanka ba za ka ji sauƙi ba, don ba ta sama sanyin yake shigar ka ba.

Bargo ba ya haifar da zafi. Jikinka ne murhun, shi bargo aikinsa kawai ya riƙe iskar da jikinka ya ɗumama a cikin saƙarsa, kada ta gudu. To duk abin da ka kwanta a kai, nauyinka ya matse shi, iskar ta fice, ya zama ƙyalle kawai. A ƙasa ko a kan katifa ba ka lura da haka, don ba iskar da ke ratsawa ta ƙarƙashinka. A lilo kuwa tsakanin bayanka da jaura yadi ɗaya ne tal, mai kaurin ledar burodi. Kai ne kunun, iska kuma tana ta fifita ka ta ƙasa har gari ya waye. Ƙara da cewa kana kusa da ruwa, kuma sanyi ya fi tsanani dab da fitowar rana, shi ya sa kake jin jiki a lokacin.

Jakar barcin ma haka za ta yi maka. Rabin da ke ƙarƙashinka zai lotse, ka biya kuɗin jaka guda ka amfana da rabi. Na ga samari da yawa sun yi wannan kuskuren lokacin da muke kwanan daji a wurin aiki.

Ga abin da za ka gwada yau da dare, ba ko kwabo. Ɗauki bargon Inna, kada ka sa shi a cikin lilon, rataye shi ta waje, ta ƙasa, ya rungume lilon kamar yadda zanen goyo ke rungume yaro. Ƙulle kowace kusurwa da igiya, in ka sa ɗan dutse a ciki ka ɗaure ta bayansa ba zai zame ba. Ka haɗa igiyoyin da inda lilon ya tattaru a kowane gefe. Sharaɗin shi ne bargon ya taɓa bayanka amma kada ya ɗauki nauyinka. Ka sa wani ya tura hannu tsakani kana kwance: in ya ji sarari, sanyi zai zauna a nan, in kuma ya ji bargon ya ɗame tamau, ka matse shi ke nan. Sai ka kafa zana ko tampol ta arewa maso gabas, ta nan iskar hunturu ke zuwa, ka sauke shi har ƙasa.

Baba Mai Alkama

Ɗana, ni dai ban ga abin da ya kai mutum rataye kansa a bishiya kamar jemage ba. Tun ba a daɗe da gama madatsar Tiga a 1974 ba nake kwanan gona a wajen Bunkure. Bukkar kara, gadon kara mai ƙafa huɗu, a jibga tattakar shinkafa kamu guda a kai, a ɗora tabarma. Wane sanyi? Da muna yara tsofaffi amuku suke ce wa abin nan naka, a ciki ake ɗaukar Turawan mulki a kafaɗa, ba mu taɓa jin talaka ya kwana a ciki ba.

Kuma ku daina zagin ɗarin nan, alkamarmu shi take so. Shekarar da hunturu ya yi laƙo-laƙo mu ne ke kuka.

Ɗan Kadawa

Allah ya ƙara girma Baba. Na yi tunanin bukkar, amma a cikinta ba na ganin injin, kuma kunamar da ta harbe ni daga cikin tarin tattaka ta fito. Ku yi mini afuwa in ci gaba da zama jemage zuwa ƙarshen ɗiba.

Ɗalibin Injiniya

Maganar Oga Soja haka take. Masu yawon kwanan daji a Amurka, inda wannan harka ta yi ƙarfi, sun daɗe da lura cewa da zarar yanayi ya sauko ƙasa da digiri 21 mai kwana a lilo yake fara jin sanyi a baya. Kai kuma kana 13. Suna da bargo na musamman da ake ratayewa ta ƙasa, amma ban taɓa cin karo da shi a kasuwa a Kano ba.

Akwai hanya ta biyu: abin da nauyi ba ya iya matsewa. Ba katifar soso ta ɗaki nake nufi ba, ita tana lotsewa kuma tana shan ruwa. Akwai wani soso mai tauri da ramukansa suke a rufe, irin tabarmar motsa jiki. Iskar da ke cikinsa ba ta fita ko ka kwanta a kai. A jikin na kanti za ka ga lambar R, wadda ke nuna yadda abu ke tare zafi, kuma irin mai kaurin santimita ɗaya zuwa biyu yawanci R ɗinsa yana wajen 2. Ya ishe ka a sanyin Kano. Aibinsa biyu: yana zamewa a kan yadin lilo, kuma siriri ne, kafaɗunka za su riƙa taɓa gefe su yi sanyi. Sannan ba ya numfashi, kana iya tashi bayanka a jiƙe. In za ka yi amfani da shi, yanko wani guntu ka gitta shi daidai kafaɗa.

Kan jakunkunan mai gwanjo: gashin tsuntsu ya fi ɗumi in aka auna da nauyinsa, shi ya sa masu hawan tsaunuka ke son sa. Amma in ya jiƙe sai ya cure ya daina aiki, kuma yana daɗewa bai bushe ba. Kai ba ɗaukar kayan za ka yi a baya ka hau dutse ba, kana bakin kwamin ban ruwa ne. In har za ka saya, ɗauki ta audugar roba, ka zuge zif ɗin gaba ɗaya ka rataye ta ta ƙasa a madadin bargo.

Wani abu kuma, kada ka ɗame lilon kamar igiyar shanya. Bari igiyar ta sauko da kusurwa wajen digiri 30, ka kwanta a karkace, kai ta wannan gefe ƙafa ta wancan. Bayanka zai miƙe.

Telan Kura

Malam, ku bar wahalar da bargon Inna da dutse, za ku yage mata shi ku jawo wa kanku faɗa. Wannan ɗinki ne na yini ɗaya.

A samo yadi mara nauyi mai saƙa a matse, falle biyu, tsawo yadi biyu, faɗi inci 45. A bi shi da layin ɗinki a tsaye, tazarar inci biyar ko shida, ya zama gida-gida kamar na katifar da. Sai a cusa audugar rimi, wadda masu matashin kai ke sayarwa. Na fi son ta a kan audugar gona a irin wannan aiki: ba ta da nauyi, silinta rami ne da shi a ciki, kuma ba ta saurin shan ruwa, har rigar ceto ta masu jirgin ruwa an yi da ita a da. Kada a danƙara ta kamar matashi, a bar ta sako-sako, kaurin yatsa uku ya isa. In ba a yi gidajen nan ba, cikin kwana biyu duk za ta gangaro tsakiya ta zama ƙunshi.

Sai a kalmashe bakin sama da na ƙasa a zura mazagi, yadda za a tsuke shi kamar bakin wando, iska ba ta samu ƙofa ba. Wurin ratayewa kuma kada a sa igiya zalla, a haɗa da robar nan ta ɗaure kaya a babur, ita ce za ta riƙa bin jiki duk inda aka juya. Audugar rimi takan dunƙule in an daɗe, sai a shanya a rana a bubbuga da sanda.

In rimin ya yi wuya, tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo guda uku, a farke a haɗa, su ma sun yi.

Anti Nas

Duk kun yi maganar ɗumi, ba wanda ya yi maganar wuta, alhali ita ce ke kawo mana mutane asibiti duk hunturu. Audugar rimi da tartsatsi ɗaya take kamawa, yadin lilon kuma narkewa yake yi ya manne a fata. Don Allah ƙanena, kada ka kuskura ka ajiye kaskon wuta a ƙarƙashinka, na san dabarar za ta zo maka wajen ƙarfe uku. In za ka ji ɗumi, hura can nesa ta inda iska ba za ta kwaso maka ba, ka kashe kafin ka hau. Masu bukka kuma, Baba ku gafarce ni, garwashin gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum yana barci take tafiya da shi.

Kada ka kwanta da kayan da ka yi ban ruwa da su ko da ka ji kamar sun bushe. Ajiye wasu daban na barci, da safa da hular sanyi. Ka ci abinci mai nauyi kafin ka kwanta. Kuma inda ruwa ke kwance sauro ba ya ƙarewa ko da hunturu, yana kuwa cizo ta cikin yadin lilo. Ja igiya ta sama ka rataya gidan sauro ya sauko ya lulluɓe har ƙasan.

Ɗan Kadawa

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga yadda aka yi.

Daren farko na rataya bargon ni kaɗai, ban samu mai tura hannu ba. Da na hau ashe ya yi lunƙume, tsakanina da shi ya kai kamu guda. Na sha sanyi kamar kullum, har na ce a raina Oga Soja ya dai faɗi son ransa. Washegari na ja ƙanena bayan la'asar, na kwanta, ya zagaya yana dubawa. Ya ce ta wajen ƙafa a buɗe yake kamar bakin buhu. Muka yanko robar babur muka maye gurbin igiyoyin, muka tsuke bakin biyu, muka kafa zana uku ta gabas da arewa.

Wallahi ban yi minti goma da hawa ba na ji ɗumi yana taruwa a gadon bayana, kamar na jingina da bangon da ya sha rana. Gwado ɗaya na rufa da shi, ɗayan bargon a reshe ya kwana. Dugadugaina ne kawai suka yi sanyi, don bargon Inna bai kai can ba, sai na tura ƙafafun cikin rigar sanyina. Jakar barcin na fasa saya. Malam Tela, ran Asabar ina nan tafe Kura, na riga na sa a nemo mini rimin, Inna ta fara tambayar bargonta.

Sai dai an samu sabuwar matsala. Jiya Baba ya zo gonar bayan sallar asuba, ya tarar ina ta munshari. Ya je ya tsuguna gaban injin, ya kwance mesar, ya saɓa ta a kafaɗa, ya zo ya tsaya a kaina yana gyaran murya, sai a ta uku na farka. Abin da ya faɗa mini ba zai rubutu a nan ba. Yanzu na sa wa injin sarƙa da kwaɗo, na ɗaura masa gwangwanin madara huɗu da tsakuwa a ciki, na kuma jawo siririyar igiya daga jikinsa zuwa babban yatsan ƙafata, wanda kunamar ta bari.