Neman shawara kan biskit mai cike da busasshen ɓaure

Maman Ilham, Kano:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Surukata ta dawo daga Umra a farkon azumi, kuma cikin tsarabar da ta ba mu akwai busasshen ɓaure irin na ƙasashen waje, wanda masu sayar da zuma da man zaitun suke kira tin, kimanin kilo ɗaya. Yara ba su damu da cin sa haka nan ba, ni kuma ba na son ya lalace a ajiye, saboda haka na yi niyyar in gasa biskit da ɓauren a cikinsa, in haɗa da cincin da dubulan na Sallah.

Abubuwan da suka tsaya mini su ne waɗannan. Ɓauren ya yi tauri ƙwarai, kuma akwai wani farin gari a bayansa da ban sani ba ko alamar lalacewa ce. Ban kuma san yadda ake sarrafa shi ya zama abin da za a cusa cikin kwaɓi ba tare da ya tsiyayo ya ƙone a kan faranti ba. Kwaɓin da hannuna ya saba da shi na gireba ne, shi kuwa marmashewa yake yi, ba na jin zai yarda a naɗe shi a kan wani abu. Oben ɗina ƙarami ne na gas, ba ya nuna ma'aunin zafi. A ƙarshe, ina so in ji ko zan iya ƙarawa da ɓaurenmu na gida domin ya yi auki. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Hajiya Uwani, Kaduna:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki game da farin garin nan, domin galibi sukarin ɓauren ne yake fitowa waje ya daskare idan ya daɗe a bushe, kuma idan kika ɗanɗana za ki ji zaƙi, idan kika murza da jiƙaƙƙen yatsa zai narke. Funfuna kuwa tana da gashi-gashi da wari. Duk da haka kada ki yi ƙyuya wajen dubawa: ki yanke ƙullutun da ke kan kowane ɗaya, wato inda yake manne da reshe, domin ba ya laushi ko an dafa shi, sannan ki tsaga shi biyu ki kalli cikinsa. Wanda kika ga cikinsa ya yi baƙi kamar toka, ko yana warin tsami, ko kika ga saƙar ƙwaro, ki zubar da shi gaba ɗaya, kada ki ce za ki yanke wajen da ya ɓaci ki yi amfani da sauran.

Sirrin wannan biskit duka yana wajen ruwan da ke cikin haɗin ɓauren. Idan ruwan ya yi yawa, zai tafasa a cikin oben, tururi ya fasa kwaɓin, zaƙin ya malalo ya ƙone; idan kuma ya yi kaɗan, bayan ya huce sai cikin ya ƙandare, tsofaffi su kasa tauna shi. Ga yadda nake yi. Ki yayyanka ɓaure giram 250 ƙanana, ki zuba a tukunya da ruwa kofi ɗaya, ko rabin ruwa rabin ruwan lemon zaƙi, ki rufe ki dafa a ƙaramar wuta na minti 10 zuwa 15, har ya kumbura ya shanye kusan duka ruwan. Ki sauke, ki sa zuma cokali biyu, da garin kirfa rabin ƙaramin cokali, da ɗan gishiri, da gogaggen ɓawon lemon zaƙi guda ɗaya, amma bayan kawai, ban da farin da ke ciki domin yana da ɗaci. Sai ki kirɓa a turmi mai tsabta wanda ba ya ƙamshin yaji ko daddawa. Turmi ya fi mini bilenda a nan, saboda bilenda ba ta juyawa sai an ƙara ruwa, ruwan kuwa shi muke gudu.

Yadda za ki gane ya yi daidai shi ne ki bari ya huce, ki shafa mai a tafin hannu, ki ɗibi kaɗan ki mulmula. Idan ya miƙe kamar igiya mai kaurin babban yatsa ya zauna a haka, ya yi. Idan ya baje, ki mayar kan wuta kina juyawa da muciya har ki ga yana barin gindin tukunya. 'Ya'yan da ke cikinsa masu ƙaras-ƙaras ki bar su, kada ki tace, su ne suke bambanta shi da dabino a baki. Kada ki ƙara sukari a haɗin, domin kusan rabin nauyin busasshen ɓaure sukari ne, kuma wannan abin lura ne idan akwai mai ciwon sukari a cikin baƙinki.

Kwaɓin gireba ba zai yi ba, kamar yadda kika zata, domin babu abin da ke riƙe shi. Ki buga bota giram 150 da sukari giram 90 har su yi haske, ki fasa ƙwai ɗaya ki ci gaba da bugawa, sannan ki tankaɗe fulawa giram 300, wato wajen kofi biyu da rabi, da bekin foda rabin ƙaramin cokali da ɗan gishiri, ki zuba ki haɗa da hannu. Da zarar ya haɗu ki tsaya, kada ki yi ta murza shi kamar na burodi, domin yawan murza yana sa biskit tauri. Ki naɗe a leda ki sa a firij na awa ɗaya, kuma da zafin da ake yi yanzu wannan dole ne, in ba haka ba botar za ta narke ya riƙa manne wa tebur. Ki raba shi uku, ki riƙa fito da ɗaya-ɗaya, ki murza ya yi kaurin kusan rabin santimita, faɗinsa santimita 9 ko kusa da haka. Ki shimfiɗa igiyar ɓauren a tsakiya, ki ɗago gefe ɗaya ki rufe, ki ɗago ɗayan ki ɗora a kai, ki danne bakin, sannan ki kife shi bakin da kika danne ya koma ƙasa. Ki gasa shi dogonsa a zafin digiri 180 na minti 15 zuwa 18, ki yanka da ɗuminsa.

Anti Rabi, Jos:

Sannu da ƙoƙari, Hajiya, bayaninki ya gamsar. Wanda kika kwatanta shi ne mai kama da na Amurka, wanda aka sani da sunan Fig Newton, aka kuma fara sayar da shi a shekarar 1891 a jihar Masacusets, bayan an samu injin da ke turo kwaɓi da haɗin ɓaure a lokaci guda. Ni dai ina ganin tunda don Sallah ake yi, Maman Ilham ta duba hanyar mutanen Sham, wato ma'amul, wanda a Lebanon da Siriya da Falasɗinu da Jodan shi ne abin da Musulmi suke gasawa a ƙarshen azumi, Kiristoci kuma a lokacin Ista. An fi cika shi da dabino ko goron Turawa mai suna jauz ko fustuƙ, amma ana yin na ɓaure ma, kuma a wurina ya fi naɗaɗɗen kyau a faranti idan baƙi sun zo.

Kwaɓinsa na samolina ne, babu ƙwai a ciki. Ana zuba narkakken man shanu kofi ɗaya a kan samolina mai laushi kofi uku, a murtsuka da tafin hannu har kowace ƙwaya ta sha mai, a rufe a bar shi ya kwana. Wannan kwanan shi ne ginshiƙin aikin, domin samolinar da ba ta sha mai ba tana yin tsakuwa-tsakuwa a baki. Washegari sai a sa sukari cokali uku, da ɗan yis, a riƙa yayyafa madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan har ya dunƙule, a bar shi ya huta kamar awa ɗaya. Su suna sa ruwan wardi da ruwan furen lemo, kuma ana samun ruwan wardi a manyan shaguna. Idan man shanunmu na Fulani za ki yi amfani da shi, ki soya shi tukuna ki tace, amma kada ki sa albasa kamar yadda muke yi wa na tuwo.

Za ki ɗibi kwaɓi kamar girman ƙwan zabo, ki lotsa tsakiyarsa da babban yatsa ya zama kamar ɗan ƙoƙo, ki sa curin ɓaure wanda bai kai rabin girman kwaɓin ba, ki tattaro bakin ki rufe ruf. Suna da wani ludayi na katako mai zane a ciki, wanda suke danna curin a ciki su buga a gefen tebur ya faɗo da zanen a bayansa. Idan babu shi, bakin cokali mai yatsu ya wadatar. Ma'amul ba a barin samansa ya yi ja. Ƙasansa ake dubawa, da ya yi ruwan zuma a sauke, kuma kada ki taɓa shi da zafi domin zai ruguje a hannunki. Bayan ya huce sai a barbaɗa niƙaƙƙen sukari da rariya.

Akwai wani abu da nake so ki kula da shi idan kika shiga intanet neman ƙarin bayani. Mutanen tsibirin Sisili na Italiya suna da nasu biskit ɗin ɓaure da suke yi lokacin Kirsimeti, suna haɗa ɓauren da zabibi da ɓawon lemo da zuma, kuma da yawa daga cikinsu suna jiƙa shi da giya. Duk inda kika ga an ambaci Marsala ko rum ko brandi, giya ake nufi, ki sa ruwan lemon zaƙi a madadinsa.

Malam Sani mai gashi, Zariya:

Hajiyoyi, ku gafarce ni in sa baki kan maganar oben, tunda ita ce sana'ata. Ƙananan oben na gas wutarsu daga ƙasa take, saboda haka gindin biskit yakan ƙone samansa bai nuna ba, kuma wannan ya fi tsanani idan akwai zaƙi a ciki. Maman Ilham, ki kunna shi minti 15 kafin ki sa komai, ki ɗora farantin a matakin tsakiya ko na sama da shi, ki kuma sa wani farantin da babu komai a matakin ƙasa domin ya tare kaifin wutar. Tunda babu ma'auni, ki barbaɗa fulawa cokali ɗaya a kan faranti ki sa a ciki: idan cikin minti biyar ta yi ruwan ƙasa mai haske, zafin ya yi daidai, idan kuwa ta yi duhu ko ta fara hayaƙi, ki rage wuta. Ki fara gwadawa da guda biyu ko uku kafin ki sa sauran, kuma idan an yi rabin lokaci ki juya farantin, na baya ya dawo gaba.

Maganar ɓauren gida kuwa, ban ba ki shawara ba. Dangi ɗaya ne da na waje amma bishiyarsu daban, namu ba shi da tsoka da zaƙi kamar wancan, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san ƙananan ƙwarin da ake tararwa idan an ɓare shi. Wanda ake kawowa daga Saudiyya ma akasari ba can ake noma shi ba, Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen busasshen ɓaure, musamman yankin Aidin da ke kusa da Izmir. Idan auki kike nema, ki haɗa da dabino mai laushi, kashi biyu ɓaure kashi ɗaya dabino, sai ki janye zumar da Hajiya ta ambata. Soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa ma suna shiga, kuma suna taimakawa wajen tsotse danshi.

Hajiya Uwani, Kaduna:

Malam ya faɗi gaskiya kan dabino, sai dai kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, domin yana danne ɗanɗanon ɓauren. Abin da ya rage shi ne ajiya, kuma a nan hanyoyin biyu sun rabu. Naɗaɗɗen da na kwatanta, a ranar da aka gasa shi bayansa yana da ɗan tauri, saboda haka ki jera shi a mazubi mai murfi tun yana da sauran ɗumi kaɗan, da takarda tsakanin jeri da jeri, ki rufe ya kwana. Danshin ɓauren zai ratsa kwaɓin, washegari ki same shi da laushi. Ma'amul ɗin Anti Rabi kuwa sai ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba sukarin da aka barbaɗa zai jiƙe ya yi danƙo. Tunda cikin yana da danshi, ba ya daɗewa kamar cincin, musamman a wannan zafi, don haka ki gasa ana saura kwana biyu Sallah, abin da ba a ci ba cikin kwana biyar ki sa a firij. Haɗin ɓauren dai za ki iya dafa shi tun ana saura mako guda, ki zuba a busasshiyar kwalba ki ajiye a firij, ki fito da shi awa ɗaya kafin ki fara naɗi domin ya saki.