Jama'a me za mu kira graphene da Hausa?

Salam 'yan uwa, ina haɗa wa ɗalibaina bayani kan graphene sai na maƙale a wuri biyu. Na farko sunan kansa. Abin nan ne da masana kimiyya biyu, Geim da Novoselov, suka ɓanɓaro da salatif daga graphite, irin baƙin abin nan na cikin fensir, a Manchesta a 2004, har suka ci kyautar Nobel a 2010. Kabon ne zalla, kaurinsa atom ɗaya tak, an saƙa shi kamar saƙar zuma.

Wani ya ce mu ce "fatar gawayi". Wallahi ta yi daɗin faɗi, amma yaro zai ɗauka baƙin abu ne mai ɓata hannu, alhali wannan haske ma ratsa shi yake. Ni dai na fi karkata ga girafin kawai, in an zo bayani sai a ce tabarmar kabon, tunda shimfiɗa shi ake yi.

Na biyun ne ya fi damuna, wato thermal stability. Kowa cewa yake "juriyar zafi", ni kuma ban yarda ba, don girafin shi kaɗai ai ba ragon zafi ba ne, a wajen digiri 1000 na ma'aunin Celsius ake noma shi a kan jan ƙarfe da iskar mitan, wato iskar gas mai ɗauke da kabon, dab da inda jan ƙarfen ke narkewa a 1085. Rigimar tsakaninsa da ƙarfen da ke ƙasa take. In an sauke wuta jan ƙarfe ya tsuke sosai, girafin kuma bai bi shi ba, sai ka ga ya tattare ya yi layi-layi kamar an shimfiɗa babbar tabarma a ƙaramin ɗaki. A kan nikel kuma abin ya sha bamban, in zafi ya hau ƙarfen shanye kabon ɗin yake kamar suga a shayi, in ya huce ya amayo shi hawa-hawa ba ɗaya ba.

To kun ga a nan ba juriya ake tambaya ba, tambayar ita ce shimfiɗar za ta zauna yadda take ko kuwa. Shi ya sa na ce ɗorewa cikin zafi. Wata malama ta kawo "tsayuwa", amma tabarma ai ba ta tsayuwa.

Malaman Hausa da na kimiyya, in ba mai gyara zuwa Litinin haka zan rubuta a allo: ɗorewar girafin cikin zafi.