Malamin ƙahona ya hana ni busa waƙa, in canza shi ko in haƙura?

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ba a kwance yake ba. A Jos nake, ina gyaran waya. Marigayi babana ɗan Boys' Brigade ne, wato ƙungiyar yara maza ta majami'a, tun yana yaro, shi ke busa tirampet a majami'armu, biki ko jana'iza ko zagayen Kirsimeti, shi ne a gaba. Da ya rasu aka zo rabon kaya, yayyena suka ɗauki gona da babur, ni na ce ƙahon nan kawai nake so. Kawunmu har faɗa ya yi mini, mama kuwa kuka ta yi. Ƙahon ya daɗe cikin akwatinsa a ƙarƙashin gado, sai bana na samu wani dattijo a unguwarmu, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda, yana koya mini ina biyansa duk wata. Tun farkon damina abu ɗaya muke yi. Ya cire bakin ƙahon ya ce in yi ta hura shi kaɗai, sannan in riƙe murya ɗaya har numfashi ya ƙare. Ya kuma ce ba ruwansa da do-re-mi, sai rubutun kiɗa mai layi biyar. Yanzu shugaban mawaƙa ya ce in na iya waƙa biyu zai sa ni a sujadar Kirsimeti, kuma na riga na gaya wa mama. Malam ya ce ban kai ba. Leɓena ma yana kumbura. In bar shi in nemi wani?

Tsohon Sajan: Ɗana, zauna inda kake. Ni ma a badujala na yi ritaya. Abin da malaminka yake yi shi ne daidai, babu wata hanya. Bawul uku ne kawai a jikin ƙaho, wato maɓallan da ake dannawa da yatsa. Ba tare da ka danna ko ɗaya ba, do na ƙasa da so da do na sama duk suna fita, leɓe da iska ne ke rarrabe su. To wanda leɓensa bai nuna ba, me zai busa? Amma ba ka faɗa mana ba, kullum kake gwaji a gida ko sai ranar darasi?

Maman Biyu: Hmm, ni dai malaman nan sun ishe ni. Na biya wani kuɗin wata uku ya koya wa 'yata piyano, bai yi nisa ba ya ce ya tafi Abuja wasa, har yau wayarsa a kashe. Yarinya ta yi ta kuka, babanta kuma ya ɗora mini laifi. Ka lura da kyau, wasu da gangan suke jan darasi don kuɗi ya ci gaba da shigowa.

Ɗan Kwaya: Yayana, do-re-mi ya ishe ka. Masu busa a majami'unmu yawanci da shi suka koya, kuma suna busawa lafiya lau. Do ba dannawa, re bawul na ɗaya da na uku, mi na ɗaya da na biyu, fa na ɗaya, so ba dannawa, la na ɗaya da na biyu, ti na biyu. Ka haddace wannan, ka shiga YouTube, kafin Disamba ka gama waƙa biyu.

Tsohon Sajan: Irin wannan shawarar ce ke lalata yara. Zai haddace yatsu, sauti kuma ya fito kamar kukan akuya. Ranar da aka miƙa masa takardar kiɗa a taron ƙungiyoyi fa? Ya tsaya yana kallon na kusa da shi? Batun kumburi kuma, danna bakin ƙahon kake yi da ƙarfi a kan haƙori don ka kamo muryar sama. Duba madubi bayan ka gama, in ka ga jan zobe ya zauna a leɓenka ya ƙi ɓacewa, to shi ne. Ka huta daidai tsawon lokacin da ka busa. Hunturu na tafe, sanyin Jos kuma ka san shi, ka riƙa shafa man kaɗanya da dare.

Mai tambaya: Baba na gode, amma ba dannawa nake yi ba. Gwaji kuma ina yi in na samu sarari, shago ba ya barina, maigidan da nake haya kuma ya hana busa bayan magariba. Na ma gwada da mai piyanonmu a ɓoye, yana buga do ina busa do amma ba sa haɗuwa. Ga bawul na biyu yana maƙalewa ko na sa man keken ɗinki.

Malama Mai Alli: Ɗan'uwa, rashin haɗuwar nan ba laifinka ba ne. Yawancin tirampet a B-flat aka ƙera su, don haka do ɗinka yana ƙasa da C na piyano da taki ɗaya cikakke. C shi ne do na piyano. Ka ce wa mai piyanon ya buga B-flat, za ka ji sun haɗu. Ni a ganina ka je wurin malamin da ladabi, ka ba shi labarin mama, ka roƙe shi waƙa ɗaya mai sauƙi ku riƙa haɗawa da darasin.

Tsohon Sajan: Man keken ɗinki? Kai! Yana da kauri, shi ke riƙe bawul ɗin. Akwai mansa na musamman, siriri kamar ruwa, masu sayar da kayan kiɗa suna da shi. Ka wanke ƙahon da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ban da tafasasshe, zai ci fentin. Kowane bawul akwai lamba a jikinsa, 1, 2, 3, ka mayar da shi ɗakinsa. Sannan ka zaro bututun bawul ɗin ba tare da ka danna ba, in ba ka ji ya yi ɓus ba, iska na zurarewa. In haka ne ka ajiye shi don tunawa, ka nemi gwanjon Yamaha na 'yan koyo da baki mai lamba 7C. "In na samu sarari" kuwa ba gwaji ba ne. Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar.

Makwabcin Wani: Ku yi haƙuri, maigidan nan yana da gaskiya. Akwai yaro a gidanmu da ke busa tun asuba, matata na jego, mun kai ƙara har mun gaji. Akwai abin da ake toshe faffaɗan bakin ƙaho inda sauti ke fita da shi don rage ƙara, ku riƙa saya mana.

Mai tambaya: Baba, ƙahon nan ba zan canza shi ba. Da shi babana ya yi busa har ya bar duniya, kuma man nan shi na ga yana sawa. Malama, malam ba ya son a kawo masa magana, ya taɓa korar wani yaro a kan haka. Ni tambayata ita ce, in na samu wani ya koya mini waƙa biyun nan a gefe, malam zai gane?

Ɗan Kwaya: Ba zai gane ba. Turo mini saƙo.

Tsohon Sajan: Daga busar farko zai gane.

Maman Biyu: Har yanzu ba ka faɗi nawa kake biyansa ba.